Lambar Hukuma da Kalmar "Oganik" a Jikin Kwalbar Man Shafawa

Jawabi ga taron 'yan kasuwa da iyayen gida, 'yan Arewa mazauna Agege, Ikko

  Ina gode muku da kuka bar rumfunanku da hidimomin gidajenku domin sauraron magana a kan abin da jama'a da yawa suke ɗauka ƙaramin abu ne, wato man shafawa da sabulu da sauran kayan kwalliya.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Akwai shaida iri biyu da ake gani a jikin kwalbar mai a kasuwannin Ikko a yau. Ta farko ita ce lambar rajista ta hukuma. Ta biyu kuwa ita ce kalmar nan ta Turanci da ta cika bakin masu talla, wato "oganik". Mutanenmu da yawa sun ɗauka su biyun abu ɗaya suke nufi, wasu ma sun ɗauka ta biyun ta fi ta farkon ƙarfi. Wannan ruɗani yana jawo hasarar kuɗi da hasarar lafiya, saboda haka ya wajaba mu rarrabe tsakaninsu.

Wani zai ce, me ya sa sai a Agege za a yi wannan magana? Dalili a fili yake. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, zangon Hausawa na wannan gari ya bunƙasa da cinikin goro da na shanu, ya zama ƙofar da kayan Kudu suke bi su tafi Arewa. Har gobe haka abin yake. Motar da ta sauke albasa da tumatir a Mile 12, ko ta sauke shanu a Oko-Oba, ba ta komawa gida fanko. A cikin kayan da take ɗauka akwai kwalayen mai da sabulu da aka saro a Balogun da Idumota da Trade Fair, waɗanda za su ƙare a Sabon Garin Kano da Katsina da Sakkwato, har da Maraɗi. Haka kuma duk wanda zai je gida da salla, da wuya jakarsa ta rasa tsarabar mai ta uwargida ko ta ƙanwa. Ke nan abin da muka yarda ya ratsa ta hannunmu, shi ne zai hau fatar iyalanmu.

DOKA DA HUKUMAR DA KE RIƘE DA ITA

Ba yau gwamnati ta fara sa ido a kan kayan kwalliya ba. Dokar Soja mai lamba 35 ta 1974, wadda ta shafi abinci da magunguna, ta haɗa har da kayan kwalliya, ta hana sayar da abin da zai cuci mai amfani da shi, ta kuma hana rubuta ƙarya a jikin kaya. Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan an ba su maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da sinadari mai guba. Irin wannan masifa tana cikin abubuwan da suka sa aka ga wajibi ne a kafa hukuma mai cin gashin kanta. Sai aka yi Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993, wadda ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC. Mafi yawanmu mun fara jin sunanta sosai ne a zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, ta yi fama da masu jabun magani.

A ƙarƙashin doka, ba a yarda a yi man shafawa ko sabulu ko hoda domin sayarwa, ko a shigo da su daga waje, ko a yi tallarsu, sai an yi musu rajista. Mai kaya zai kai samfuri da jerin abubuwan da ya zuba a ciki da irin rubutun da zai manna a jikin kwalba. Ma'aikatan hukuma za su duba wurin da ake yin kayan, su gwada samfurin a ɗakin gwaje-gwaje. In an gamsu, sai a ba da lamba, wadda take aiki na shekara 5 kafin a sabunta ta. Ofishin hukumar na Ikko yana Isolo, kuma tana da ɗakunan gwaje-gwaje a Oshodi da Yaba, da wani a Kaduna. Babu ko ɗaya daga cikin na Ikko da ya yi wa mutumin Agege nisa.

To, me wannan lamba take faɗa? Tana faɗa cewa an san wanda ya yi kayan, an san inda yake, kuma abin da ya kai aka gwada bai saɓa wa ƙa'ida ba. In wani abu ya faru, akwai wanda za a kama. Sai dai a kula: lambar tana shaidar abin da ke cikin kwalba a rufe ne, kamar yadda ta fito daga masana'anta. Da zarar an buɗe an juye a roba an ƙara wani abu, shaidar ta faɗi. Bugu da ƙari, 'yan jabu suna buga lambar ƙarya, ko su ɗauki lambar wani kaya su manna a nasu.

GUBA UKU DA DOKA TA SA WA IDO

Babbar matsalar tana wajen man bilicin. A wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, an kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sa hasken fata. A watan Fabrairu na 2023, a birnin Kano, shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ƙa'idojin hukumar na hana sinadaran bilicin, waɗanda aka sabunta a 2019, sun fi sa ido a kan abu uku.

Na farko zaiba. An haramta ta a kayan kwalliya, domin tana ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kawo rawar hannu da mantuwa. Mai ciki tana iya ba ɗan da ke cikinta, mai shayarwa kuma tana iya ba jariri ta nono. Duniya ta san sharrinta tun 1956, lokacin da aka gano cutar da ta nakasa mutanen garin Minamata na ƙasar Japan saboda zaibar da wata masana'anta take zubarwa a teku. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 2013 a kan zaiba, wadda Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron 2023 ƙasashen suka amince a daina zuba zaiba a kayan kwalliya ko kaɗan daga 2025.

Na biyu sinadarin haidirokwinon, wanda yake hana fata yin launinta. Ƙa'idar Nijeriya ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fitar da shi daga man shafawa tun 2001, Kwaddibuwa ta hana man bilicin a 2015, Ruwanda kuma a 2018. Wadda ta daɗe tana shafa shi, ga kuma ranar ƙasarmu, sai kumatunta su yi baƙi ƙirin kamar an ƙona, irin baƙin da yake da wuyar magani. Launin da Allah Ya sa a fatarmu garkuwa ce daga zafin rana, wanda ya kankare shi ya jefar da garkuwarsa.

Na uku magungunan da likitoci suke kira sitiroyid. Waɗannan magani ne na gaske, likita yana rubuta su na 'yan kwanaki domin kumburin fata da ƙaiƙayi. Doka ta hana a zuba su a man kwalliya. Wanda ya mayar da su man yau da gobe, fatarsa za ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, ciwo ya ƙi warkewa. In abin ya yi nisa yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari. Likitocin tiyata suna shan wahala wajen ɗinke irin wannan fata, abin da ya kamata kowace mace mai haihuwa ta yi tunani a kansa.

MENE NE "OGANIK"?

Da jama'a suka fara tsoron man bilicin na kanti, sai masu haɗe-haɗe suka canza salo. Yanzu a shago ko a wayar hannu, sai a nuna maka roba ba suna ba adireshi, a ce wannan haɗin oganik ne, ba sinadari a ciki, daga man kaɗe sai zuma sai kurkur, kuma cikin mako biyu za a ga haske.

Asalin kalmar daga noma ta fito. Ana nufin amfanin gonar da aka noma ba da takin zamani ba, ba kuma da maganin ƙwari ko na ciyawa na masana'anta ba. An kafa ƙungiyar duniya ta masu irin wannan noma, IFOAM, a Faransa a 1972. A Amurka an yi doka a kansa a 1990, kuma a can ba a kiran amfanin gona oganik sai gonar ta shekara 3 ba a zuba mata abin da aka hana ba. Ba a kuma sa tambarin oganik na Ma'aikatar Gona ta Amurka a jikin kaya sai kashi 95 cikin 100 na abin da ke ciki ya cika sharaɗin. A Turai, ƙungiyoyi biyar daga Faransa da Jamus da Italiya da Ingila, cikinsu har da Ecocert da Soil Association, suka haɗu suka fitar da ma'aunin kayan kwalliya mai suna COSMOS a 2010. A ko'ina hanyar ɗaya ce: mai duba gona zai zo kowace shekara, ya bi kaya daga gona zuwa sito zuwa masana'anta, ya duba littattafan lissafi, sa'an nan a ba da takardar shaida mai ɗauke da sunan wanda ya bayar da lokacin da za ta ƙare.

Daga wannan za mu fahimci abu biyu. Na ɗaya, takardar oganik tana magana ne a kan yadda aka noma tsiro da yadda aka sarrafa shi. Ba ta ɗauke wa kowa wajibcin yin rajista da NAFDAC, kamar yadda lambar NAFDAC ba ta nufin kaya oganik ne. Na biyu, kalmar ita kaɗai, ba takarda ba sunan mai shaida, tawada ce kawai, kowa yana iya bugawa a Mushin ko Shomolu. Kuma ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya riƙewa: man kaɗe da zuma da kurkur ba sa mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu. Duk haɗin da ya yi wannan aiki, to akwai abin da aka zuba aka ɓoye, kuma galibi ɗaya ne daga cikin gubar nan uku. Sharrin haɗin roba ma ya fi na kanti, domin ba wanda ya auna yawan abin da aka zuba. Abin takaici, har yara ƙanana ake shafa wa irin wannan haɗi, alhali fatarsu ta fi ta manya saurin tsotsewa.

KAYANMU NA GADO

Kada mu tsaya a kan kayan wasu mu manta da namu. Kasancewar abu daga ƙasa ko daga daji ya fito bai isa ya wanke shi ba. Zaƙami tsiro ne, tinya ma haka, amma ba mai ba ɗansa su.

Mu ɗauki kwalli, wanda Yarabawa suke kira tiro. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma da yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan 'yan Nijeriya. Da aka bincika sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kawo daga gida. Da aka gwada shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga labarin a 2012. Dalili kuwa shi ne, dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli sau da yawa dutsen dalma ne. Yaro zai murza ido ya kai hannu baki, dalma ta shiga jiki ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Mu 'yan Arewa ba baƙin dalma ba ne. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara saboda ƙurar dalma da ta fito daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Hanyar shigar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata da ungozomomi, a daina sa wa jarirai kwallin dutse.

Sai lalle. Ganyen lalle da kakanninmu suke kwaɓawa ja yake bayarwa, kuma sai an yi haƙuri kafin ya kama. Baƙin lallen da ake zana wa amare, mai kamawa nan da nan, sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ba a yi shi domin zane a fata ba. Yana sa wasu fatarsu ta yi bororo ta ɗuri ruwa, ya bar tabo daidai da zanen, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya tana iya zama da wannan larura har iyakar rayuwarta.

ARZIKIN DA KE CIKIN SHAIDAR GASKIYA

Maganar shaida ba ta tsaya ga tsoratarwa ba, akwai riba a cikinta. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan kaɗanya, musamman a jihohin Neja da Kwara da Kebbi. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa waje na wata 6, bisa hujjar cewa ƙasar tana samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a cinikin bai wuce kashi 1 ba. Manyan kamfanonin man shafawa na Turai da Amurka suna biyan kuɗi mai kauri a kan man kaɗe mai takardar oganik. Samun takardar yana bukatar a nuna cewa ba a fesa magani a inda ake tsintar kaɗanyar ba, ba a zuba ta a buhun taki ko na maganin ƙwari ba, ba a kuma gauraya ta da wadda ba a san asalinta ba. Mace ɗaya a ƙauye ba za ta iya biyan mai dubawa ba, amma mata ɗari da suka yi ƙungiya za su iya. Wanda yake shakkar muhimmancin wannan, ya tuna da abin da ya sami wakenmu: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

KIRA GA HUKUMA

Muna yaba wa hukuma a kan abin da ta yi, amma da sauran aiki. Muna roƙo a riƙa yin sanarwa da Hausa, a rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya na mata, da boko da ajami, domin gargaɗin da aka buga da Turanci a jarida ba ya isa lungunan Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Muna roƙo a sauƙaƙa wa masu ƙaramin jari hanyar rajista, yadda masu sabulun salo da man kaɗe za su iya shiga a ƙungiyance. Muna roƙo a riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwa ana gwadawa bayan an ba da lamba, a kuma gwada kwallin da ake sayarwa a faɗa wa jama'a sakamakon. Muna roƙo a tilasta wa duk wanda ya rubuta oganik a jikin kaya ya nuna takardarsa. Daga ƙarshe, in za a yi kame, a fara da masu shigo da kwantena ta tashar jiragen ruwa, kada ƙarfin doka ya ƙare a kan yarinya mai talla a faranti.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwana 'yan kasuwa, kafin ku sari kwali, ku duba suna da adireshin wanda ya yi kayan, da jerin abin da ke ciki, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, da lambar NAFDAC. Ku karɓi rasit ku adana, domin ranar da ma'aikata suka zo shi ne zai nuna inda kuka saro. In dillali ya ce kayansa oganik ne, ku ce ya nuna takarda da sunan wanda ya ba shi. In farashi ya faɗi ƙasa da hankali, ku tuna araha ba ta ado. Sayar wa mutum guba da sunan man kaɗe algus ne, kuma kowa a nan ya san matsayin algus a addini da al'ada.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, kada ku sayi mai a robar da ba rubutu, ko da ƙawa ce ta haɗa. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa haɗi, ta je ta ga likitan fata a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, ta tafi da robar, ta faɗi gaskiya, domin barin sitiroyid farat ɗaya yana iya tayar da fata, likita ne zai nuna yadda za a janye a hankali. Wadda kaya ya cuta tana da ikon kai ƙara ga NAFDAC ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa. Mu kuma maza, mu binciki kanmu. Da yawa daga cikin matan nan suna shafe-shafe ne saboda abin da suke ji daga bakinmu na fifita farar mace. Ranar da muka daina wannan magana, rabin kasuwar masu haɗi ta mutu.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ina fata kowa zai isar da abin da ya ji ga iyalinsa na nan da na gida. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.